Kwalabe Uku da Suka Ruɓar Mini da Fuska

Salamu alaikum ƴan uwa. Na san na ɓace muku. Masu nemana don girkin biki da suna, da masu tambaya ko na bar Agadas ne, ina nan. Fuskata ce ta ruɓe, shi ya sa na ɓuya.

Ruɓewa na ce, kuma ban ƙara gishiri ba.

Ni ce Mariyama mai girkin taro. Wuta da hayaƙi da ranar garin nan sun bar mini baƙin tabo a kumatu. Akwai wata mata da nake gani a bidiyo, tana sayar da kayan gyaran fata a gidanta. Ta ce maganina kwalabe uku ne: tonik na goge fuska, sai esans, sai serom. Na ce esans kuma, kamar man da ake zuba wa babur? Ta yi dariya, ta ce ruwan laushin fata ne, daga waje ake kawo mata.

Da farko kamar gaske. Tabon ya dushe, fuska ta yi fes. Maigidana yana aiki a Jado, da ya gan ni a waya ya ce, "Ke, wace ce wannan?"

Sai raɗaɗi ya fara. Na kira matar, ta ce, "Ai aiki yake yi, ƙara serom ɗin."

Na ƙara.

Fatar ta koma siririya kamar ɓawon albasa. Ƙuraje suka feso daga haɓa har goshi, suka nuna, suka fashe. Ruwa rawaya yana tsatsowa, ya bushe, ya yi ɓawo, ya sake tsagewa. Da safe sai na jiƙa rigar matashi da ruwan ɗumi kafin ta rabu da kumatuna.

Ga wari. Irin na naman da ya kwana a leda. Ƙuda suna bina har ɗaki.

Wata Hajiya ta zo ba ni girkin suna. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, ta ja gyale ta toshe hanci ta ce, "Bari dai, zan kira ki." Ban ga laifinta ba. Ni ma ba zan ci abincin mai wannan fuskar ba.

Yayata Hadiza ce ta zo ta same ni da zazzaɓi, idon hagu ya kumbura. Ta ce, "Tashi mu je likita, ko in ɗauke ki a kai."

Likitan ya karɓi kwalaben, ya juya su, ya ce, "Madame, a buɗe kika saye su?" Na ce a buɗe. Aka ɗebi jini, aka lakaci mugunyar da auduga don analiz, wato gwaji. Ya ce duk alamun kortikoyid ne, maganin da ba a shafawa sai da ordonans, takardar likita. Ya cinye ƙarfin fatar, cuta ta samu ƙofa. Ya ce, "Kumburin nan ya kusa ido, ba za ki koma gida ba."

Nan ne tsoro ya kama ni. Na ce, "Zan makance?" Ya ce, "Kin zo da sauran lokaci."

Aka kwantar da ni, aka sa mini ƙarin ruwa da allurai. Shi ma ƙarin ruwan serom suke ce masa. Duk sanda mai jinya ta faɗi sunan sai in tuna kwalbar nan.

Kowace safiya wankin fuska. A jiƙa ɓawon, a ɗaga shi a hankali, ni ina cije bakin zane, Yaya tana riƙe da ƙafafuna. Magani da analiz suka cinye jarina, har babbar tukunyata ta shinkafa sai da aka sayar.

Da aka sallame ni, Yaya ta ce sai mun je gidan matar nan. Muka yi sallama, ba a amsa ba, muka shiga. Abin da na gani a bayan ɗakinta ba zai bar kaina ba. Tsofaffin kwalabe da aka tsinto, an zube su a bahon ruwa mai dauɗa, kusa da makwarara. Babbar roba cike da wani farin abu mai yauƙi, ƙuda sun mutu a kai, ludayin miya a ciki. Ga bututan man shafawa an matse a cikin robar an watsar. Daga robar nan ɗaya take cika duka ukun. Tonik ta tsinka da ruwa, serom ta ɗiga masa kala.

Wannan na riƙa shafawa kusa da bakina, safe da yamma, da bisimilla.

Na yi amai a tsakar gidanta. Ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta dube ni ta ce, "Fatarki ce ba ta karɓa ba."

Yaya ta ɗauki hotuna, ta kai ƙara wurin hukuma. Maganar tana hannunsu.

Warkewa ta ɗau watanni. Da na daina shafawa fuskar ta ƙara yin ja da ƙaiƙayi kafin ta lafa, kamar yadda likita ya gargaɗe ni. Yanzu ta bushe, idona lafiya lau. Tabon ya fi na da yawa, amma fata ce, tawa.

Alhamdu lillahi. Yaya Hadiza, Allah ya saka miki da Aljanna. Likita da masu jinya da ba su taɓa yamutsa fuska a gabana ba, na gode. Maigida da ya baro aikinsa ya zo, na gode.

Ƴan uwa mata, ban ce tonik da serom duk mugun abu ba ne. Amma kwalbar da ba a liƙe ba, ku bar ta. Ku saya a farmasi, ku sa a karanta muku abin da ke ciki. Kada ku fara uku rana ɗaya, ɗaya tak, ku gwada a bayan kunne tukuna. Abin da ya haskaka ku nan da nan, ku ji tsoronsa. In ya yi zafi ku wanke, ku nufi likita, ba mai sayarwa ba.

Ni yanzu sabulu marar ƙamshi, man da likita ya rubuta, da na kariyar rana. Shi ke nan.

Na koma bakin murhu. Duk mai taro, ya kira ni.