Sunan Awad a Waƙar Dangi

Har gobe ban manta da ranar da kawun amarya ya tsaya a bakin rumfata ya ce in cire suna ɗaya daga cikin waƙa ba. Bayan girbin riɗi ne, lokacin da biki ke bin biki a Gadarif, nan Sudan, shekara ta biyu da yaƙi ya koro mana mutanen Hartum. Ku 'yan amshina da kuka shigo daga baya, ku matso ku ji.

Wanda bai san aikinmu ba yana zaton buga dalluka ne kawai, 'yar gangarmu ta yumɓu. Ina! Uwar dalluka, wato ni, ita ke tsara waƙoƙi tun kafin biki: ta buɗewa, ta lalle, ta fitowar amarya. 'Yan amshi su karɓa, masu tafi su riƙe kiɗa. Mai nauyin cikinsu ita ce waƙar dangi. Ranar lalle ana kiran mazan gidan amarya ɗaya bayan ɗaya, daga uba har 'yan'uwanta. Wanda aka kira ya miƙe yana kaɗa yatsu a saman kanta, mata su rangaɗa guɗa. Mamaci kuwa tun farko ake ambatonsa, dalluka a kife, a yi masa Fatiha.

Amaryar sunanta Tahani, Hausawan Hartum ne da suka sauka a bayan layinmu. Wanta Awad ya fita sayen burodi a farkon yaƙin, bai dawo ba. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya ce ya gan shi.

Kawun, Hajj Idris, ya ce, "Hajja Kaltume, kar ki kira Awad. Ran da aka ambace shi a gidan suna, ɗaukar uwarsa aka yi. Hawan jini gare ta."

Na ce, "To in sa shi cikin masu Fatiha?"

"A'uzubillahi! Za ki binne mana yaro da bakinki?"

Da la'asar sai ga Tahani ta zo koyon rawa. Ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Hala Kaltume," wato Inna Kaltume, "in ba a kira Awad ba, wallahi hannun nan ba zai ga lalle ba. Shi ya kai ni makaranta a kafaɗa."

Kun ga inda na tsaya. In kira, uwa ta faɗi a tsakar biki. In bari, amarya ta ƙi zama.

Kun san ni da son gida, ko kasuwa sai an ja ni. Amma washegari na yafa tobina, wato lafaya, na ɗauki tukunyar jabana ta dafa kofi, na tafi wurin uwar, Hajja Sakina. Ban ambaci waƙa ba. Muka sha kofi, muka yi hirar tsadar gawayi da yadda kisirar Gadarif, gurasarmu ta dawa, ta fi ta Hartum kauri. A nan kunnena ya kama abu. Duk lokacin da raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta rage gudu a ƙofar gida, sai maganarta ta yanke a tsakiya. Sai ta ji ta wuce, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

Na ce a raina, wannan ba zaman makoki take ba, zaman jiran baƙo take.

Mu kuwa jikokin matafiya ne. Habbobata, kakata ta wajen uwa, tana da waƙar da suke yi wa wanda ya wuce gabas zuwa Makka aka yi shekaru ba labari. Ba ta biki ba ce, ta daka ce, a bakin turmi na koye ta. Na rera wa Hajja Sakina ita a hankali, ina buga gefen gado da yatsa:

"Mai tafiya, an ajiye maka ruwa,
Awad, tabarmarka na shimfiɗe."

Da na gama, har na fara neman hanyar ba da haƙuri. Sai ta ce, "Ya Hajja, ki ɗaga kiɗan. Awad ba ya son abu sanyi-sanyi."

Na koma gida na ɗora waƙar a kan kiɗan rawa, na sa ta bayan kawunnai, na jera mai zafi a bayanta don in ja taron gaba in abu ya ɓaci. Na aika wa Hajj Idris cewa uwar ta amince. Ya ce, "In ta faɗi, ke za ki ɗauke ta." Na ce na ji.

Ranar lalle aka zo kan waƙar Awad. Na kira sunan. Tafi ya raunana, kowa yana waige, don ba namijin da zai miƙe. Sai Hajja Sakina ta tashi da kanta, ta gyara tobi, ta taka har kan 'yarta tana kaɗa yatsu kamar saurayi. Tahani na dariya, kwalli na zubo mata. Hajj Idris da ke tsaye kusa, a shirye ya tare 'yar'uwarsa, bai san lokacin da nasa hannun ya tashi sama ba.

Ina shirin juyawa zuwa mai zafin, wata mata daga can baya ta ɗaga murya, "Hala, Musa ma! Ki sa Musa!" Wata ta ce Abdallah. Wata ta ce mijinta. Na sa su duka, kowace ta miƙe wa nata da yaƙi ya ɓatar. Waƙar da na tanada don gudu ban taɓa ta ba.

Har yau Awad bai dawo ba, kuma ban taɓa ce wa uwarsa zai dawo ba. Ba aikina ba ne. Aikina shi ne na kira shi a inda ya dace, ta tsaya da ƙafafunta, 'yarta ta sha lalle.

Shi ya sa nake hana ku tsara waƙa ta waya. Mai biki zai faɗa muku abin da yake tsoro, amarya ta faɗi abin da take so. Wanda abin ya fi ci a rai sau da yawa ba ya cewa komai. Ku je gidan, ku zauna, ku sha kofinsu, ku rufe baki har kunnenku ya gaya muku waƙar da za su iya miƙewa a kanta.