Ƙofar Firijin da Na Bari a Buɗe

Har gobe, in na buɗe firiji sanyin nan ya daki fuskata, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi dariya, mai karatu, ka bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara tara aka tura babana aiki wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Shagari. Malamin asibiti ne, amma kowa likita yake ce masa. Mu mutanen Zuru ne, kuma mu kaɗai ne Kirista a garin. Ran Lahadi sai mun je Boɗinga, inda muke taruwa a wani ɗaki mai rufin kwano, mu da malaman makaranta da 'yan sanda kaɗan. Fada kuwa, wato limamin cocinmu, daga Sakkwato yake zuwa, jefi-jefi.

A asibitin akwai firiji mai aiki da kananzir, inda ake ajiye allurar rigakafin ƙyanda. Akwai kuma wani tsoho maigadi, mai tsokanata da "amaryata", yana ba ni magarya daga aljihunsa. Bazarar shekarar ta zo da zafi na fitar hankali, ga warin albasa da aka baza a rumfuna ya cika gari. Wata Asabar da rana na saci jiki na tura kwalbar zoɓona cikin firijin. Da na dawo ɗauka na ji takun mutum, na arce, na bar ƙofar a buɗe. Sai ran Litinin aka gani, maganin duk ya lalace.

Aka ce maigadi ne ya sa ruwan shansa a ciki, aka sallame shi. Kafin a kawo wani maganin ƙyanda ta shigo gari. Ban san yara nawa ta ɗauka ba, na dai san kusan kullum muna ganin maza suna wucewa da ƙaramar tabarma a naɗe. Mata suka riƙa tofar da yawu in tsohon ya gifta, har ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu wajen Horo Birni.

Duk wannan a cikin azuminmu na kwana arba'in ake yi. An shafa mini toka a goshi ran Larabar Toka, ina rera waƙoƙin tuba da ƙarfi fiye da kowa. Da Fada ya zo jin zunubai kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, na durƙusa na amayar masa da komai. Ya ce Allah ya gafarta mini, amma sunan bawan Allahn nan yana hannuna, in je in gaya wa manya.

Kakata, mahaifiyar babana, ita na gaya wa. Mace ce mai zafin rai, na zaci duka zan sha. Ko ɗaga hannu ba ta yi ba. Ran Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu ta ɗaura zaninta baƙi, ta ja ni muka hau motar 'yan kasuwa, bakinmu babu ko ruwa.

Mun sami tsohon maigadin a ƙauyensu kwance a zaure, ya rame har na kasa gane shi. Na durƙusa ina kuka ina faɗi. Ya bar ni na gama.

"Ɗiyata, ai na gane ki rannan," in ji shi. "Takona ne kika ji. Da abin ya tashi na hwaɗa ma likita, ya ce in yi shiru, shina gyara maganar. Ke na yahe miki, yarinya ce ke. Ni dai a hwaɗa ma mutane ba ni na kashe musu ɗiya ba."

Ashe babana ya sani tun farko. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Da muka dawo kakata ta tsaya a kan babana yana cin abinci. "Kai, da wane baki za ka karɓi Jibin Ubangiji jibi?" Ya ce aikinsa ne zai salwanta, kuma mu kaɗai ne a garin nan, in aka ji 'yarsa ce wa ya san abin da zai biyo baya? Ya ce a bari Ista ta wuce. Ba zan ce tsoronsa na banza ba ne. Amma ran Ista ya tashi ya shiga layi ya karɓi Jibin, gurasar nan mai tsarki da ba a karɓa da zunubi a wuya, kakata na zaune tana kallonsa, ita ba ta tashi ba. Tsohon ya rasu kafin ruwan farko. Shekarar da ta biyo aka yi mana canjin wurin aiki.

Yanzu cocinmu babba ne, da fanka da lasifika. In azumi ya kama sai saƙonni su cika waya: duk wanda na ɓata wa ya yafe ni. Mutum ya tura wa mutum ɗari yana kishingiɗe, ya ce ya tuba. Ni abin haushi yake ba ni.

Azumin bara babana, da sandarsa da idonsa da ya dushe, ya ce in kai shi ƙauyen. Muka sami babban ɗan marigayin, shi ma ya yi furfura. Babana ya faɗi komai a gaban dattawa, amma yawancin iyayen yaran nan sun mutu da abin da suka sani. Sai ya roƙa a nuna masa kabarin. Mutumin ya kai mu maƙabarta, fili ne fetal, damina sama da talatin ta baje komai. Ya yi nuni da hannu daga wannan gefe zuwa wancan.

"Shina cikin nan, likita," ya ce. "Ni ma ban san wurin ba."