Muryar da na taka a kaset ɗin maƙwabcinmu

Shekarun baya, lokacin da faifan sidi ya fara shigowa Zuru amma kaset bai mutu ba, na dawo gida da difloma ta aikin lantarki da kuma kai mai girman tukunya. Ko fanka aka ce ta tsaya a unguwa, sai na yi bayanin rabin awa kafin in taɓa ta.

Maƙwabcinmu tsohon soja ne, Badakkare, Kirista, muna kiransa Baba. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan. Can baya, da aka tura shi aiki ƙasar waje, ta taɓa aika masa kaset da muryarta, tana ba shi labarin gida da gona da yara. Wannan kaset kaɗai ya rage na muryarta a duniya.

Wata Asabar da hantsi ya kira ni falonsa. 'Ya'yansa mata uku sun zo ganinsa, ya ce yana son kowacce ta koma gidan mijinta da kwafi ɗaya.

"Ɗana, za ka iya, ko in kai wa mai shago a kasuwa?"

Na ce, "Haba Baba, alhali ga ni a unguwar nan? Ba ma ɗaya bayan ɗaya ba, ukun zan ɗauka lokaci guda."

Yana da babbar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da lasifika biyu da rikoda ɗaya. Na aro rikoda uku a maƙwabta, abokina ya taya ni ɗaukowa a babur. Na jera su a kan tebur, na bi bayansu da wayoyi ja da fari har suka sarƙe. Dabarata ita ce ɗaya ta kunna, sautin ya bi ta amfilifaya, ukun su ɗauka. Na jona makirfo na yi gwaji, na ajiye shi a tebur ban cire ba. Na kuma rage lasifika gaba ɗaya, wai don kada 'yan matan su fara kuka su dame ni.

Abokina ya ce, "Ka karya ɗan kunnen nan na saman kaset ɗin mana, don kada a yi kuskuren ɗauka a kansa."

Na ce masa wanda bai san aiki ba ne ke bukatar wannan.

Baba da 'ya'yansa suka fita tsakar gida. Na zuba kaset huɗu, na bi maɓallai ina dannawa da sauri kamar mai kiɗan piyano, na koma kujera na harɗe ƙafa ina zuba wa abokina surutu. Sai bayan minti goma sha wani abu abokin nawa ya ce, "Wai me ya sa allurar rikodar nan ke motsi duk lokacin da ka yi magana?"

Na duba. Jar fitilar ɗauka tana ci a rikoda huɗu, har da wadda kaset ɗin marigayiya ke ciki.

Na kashe komai. A nan ne na yi abin da ya fi kuskuren muni. Da Baba ya leƙo ya tambaya ko an gama, sai na ce, "Baba, kaset ɗin ya tsufa, zafi ya cinye farkonsa."

Ya dube ni. "Jiya da yamma na saurare shi. Mayar da shi baya, ka kunna."

'Ya'yan suka shigo suka zauna. Na kunna, ya miƙa hannu da kansa ya ƙara lasifika. Sai ga muryata ta cika falon, tas, ina dariya: "Tsohon nan ya yi shekara da shekaru da kayan sauti, ko jona waya bai iya ba. Sojan da ne, bindiga kawai suka sani."

Muka zauna muna saurarena ina yabon kaina, minti bayan minti, ni kuwa ina kallon siminti. Can sai ƙarar maɓalli, sai muryar matar ta faɗo a tsakiyar magana, da yarensu na Dakarci, tana dariya. Autar ta rufe baki da gyale. Babbar ta ce a hankali, ba ni take wa magana ba, "Wurin da take kiran sunayenmu ne ya tafi."

Na durƙusa na ce, "Baba, ƙarya na yi. Ni na goge."

Ya miƙa hannu ya kashe rikodar. Sannan ya ce, "Na ji. Tashi ka ɗaukar musu abin da ya rage. Ɗaya bayan ɗaya."

Na ce bari in tsallake wurin muryata. Ya ce kada in ƙara yin wata dabara a kan kaset ɗin nan, in ɗauke shi daga farko yadda yake. Haka na yi, sau uku, ina jin kaina kowane zagaye.

Mahaifiyata ta je ba shi haƙuri da yamma. Ya ce mata ya wuce, kuma har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba. Ni ne na yi wata uku ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta ƙofarsa.

Na ci gaba da aikin lantarki, da shi nake ci har yau. Kuskure kam na yi da yawa bayan nan, amma ban ƙara ɗora wa kayan mutum laifin hannuna ba.

Shekara biyu da suka wuce na haɗu da autar a tasha, za ta koma Sakaba. Muka gaisa, na tambayi yara. Ta ce suna lafiya, har an mayar musu da kaset ɗin cikin waya. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ba sa yarda a tsallake farkon. Sun ce sai sun ji mutumin nan mai surutu ya gama, sannan Kaka ta zo."

Na ce ta gaishe su. Ban iya tambayarta ko ta faɗa musu wane ne mutumin ba.