Wa Ya Koro Kawu Sahabi?

Duk wanda ya zauna garinmu, nan tsakanin Gummi da Bukkuyum, ya san ba a duba kalanda don gane shigowar ɗari. Kawu Sahabi tela ake dubawa. Ranar da aka sallame sallar asuba, kowa ya cusa hannuwa cikin hammata ya nufi wutar mai shayi, sai ka ji tif-tif-tif daga bayan masallaci. Ka waiwaya, ga dattijo mai farin gemu ya tsuke, yana sheƙa gudu, tururi na fita bakinsa kamar tukunyar dambu. To, ɗari ya shigo ke nan, je ka nemo bargonka.

Kayan gudun ma abin kallo ne. Kawu bai taɓa sayen yadi don kansa ba, da guntayen ƙyallen mutane ya haɗa su. Wallahi rabin garin na jikin wandon nan: ƙafar dama ragowar shaddar liman, ta hagu atamfar matar mai unguwa, aljihu kuwa daga rigar Sallata ya fito, shi ya sa har yau rigar ba ta rufe mini cibiya. Takalminsa kambas ya sha ɗinki har kamfanin da ya yi shi ba zai gane shi ba.

Asalin abin, wani likita ne a Gusau ya ce masa jininsa ya hau, ya riƙa ɗan tattaki. Ɗan tattaki fa aka ce! Amma ƙanen Innata bai san ɗan kaɗan ba. Kuma da sanyi kawai yake yi. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Kai Mai-tumbi," in ji shi, don haka yake kirana, "zuhwar bazara ai sadaka ta, ko kai kana kwance tana zubo maka. Zuhwar ɗari kau sai an neme ta da ƙahwa."

Shekara da shekaru ana haka, ana yi masa dariya yana wucewa. Sai daji ya lalace. Kun dai san yadda muka koma: a ƙasarmu yanzu babba ba ya gudu don nishaɗi. In ka ga mutum da gudu ba ka tambaya, kai ma zubawa kake, sai ka tsira ka nemi labari.

A shekarar da zan ba ku labarinta, ana gab da ɗari 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye wajen Zugu, mata da yara suka kwararo garinmu aka rarraba su gidaje. Baƙin nan ba su san Kawu ba. Ranar farko ta sanyi, gari bai gama wayewa ba, wata dattijuwa cikinsu, Inna Abu, ta fito sayen koko. Sai ga tsoho ya rufe kai da hular sanyi ya ɓullo daga lungu a guje. Ta saki kwano ta ƙwala ihu: "Sun shigo! Ga su nan!"

Jama'a! Ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye haka ba. Mai shayi ya runtuma da butarsa tana tafasa. Ladan ya bar takalmi a ƙofar masallaci. Wani maƙwabcinmu ya sungumi akuya ya manta da ɗansa, sai ɗan ne ya wuce shi a hanya. Ni nan da kuke gani, da sai an riƙe mini babur nake hawa, na tsallake katangar gidanmu ko gogarta ban yi ba. Har yau ana kai baƙi su ga wurin.

Shi kuwa Kawu, da ya waiwaya ya ga gari kaf a bayansa, sai murna ta kama shi. Ya zaci wa'azinsa ne ya karɓu. Muna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga murya: "Yauwa! Ku ɗaga gwiwa! Numfashi ta hanci! Mai-tumbi, ashe kana iyawa, munahuki!"

Sai a bakin gulbi aka tsaya, don ba sauran wurin zuwa. Mai unguwa yana haki, rawani a hannu, ya tare shi.

"Sahabi, wa yak koro ka?"

"Ranka ya daɗe, kitse."

"Mi?"

"Kitse da hawan jini. Kullum suna biye da ni, ba su cim mani ba tukuna." Ya dubi jama'a cike da alfahari. "Amma hwa kun burge ni. Gobe ma a hito da wuri."

Ba wanda ya yi dariya. Inna Abu na zaune a kan yashi, ta rungume jikarta gam. Kawu ya dube ta, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya cire hula ya durƙusa gabanta, mutumin da ko kuɗin ɗinki ba ya ragewa ya riƙa ba da haƙuri kamar wanda ya yi kisan kai.

Nan take mai unguwa ya yanke hukunci: an hana gudu a garin nan, sai wanda aka koro. Mu duka muka ce shi ke nan, abin ya ƙare. Ashe ba mu san ɗan'uwanmu ba. Da hantsi sai ga shi ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, gudun ne laihi, ko rashin bayani?"

"Rashin bayani."

"To zan riƙa bayani."

Washegari muka ji tif-tif-tif, sannan wata murya kamar ta mai shela: "Lahiya lau! Ba kowa! Ni ɗai na, Sahabi! Lahiya lau, ba kowa!" Haka ya zagaya gari, ya bi hanyar fadama har gada, ya dawo yana faɗa. Mutum ya kusa saba'in, yana gudu yana sanarwa, numfashinsa bai yanke ba. Ku nuna mini irinsa daga nan har Anka!

Wanda hankalinsa bai kwanta ba shi ne ɗansa Murtala da ke aiki Abuja. Ya ji labarin tsohonsa na kaiwa har gada shi kaɗai da duku-duku, a hanyar da matasa ma sai sun haɗu suke bi. Ya yi waya ya yi magiya, Kawu ya ce layi ba kyau. Sai ya aiko da injin gudu, irin wanda mutum ke hawa, shimfiɗar ƙasansa na tafiya shi kuma yana gudu a wuri ɗaya. Ya kuma haɗa uban da Allah kada ya sake fita.

Ranar da aka sauke injin daga motar Gummi, kafin la'asar mata sun yi layi da ƙwaryar gero, sun zaci sabon injin niƙa ne. Aka tayar da janareta, Kawu ya hau da kayan gudunsa. Ni aka ba aikin danna maɓalli, na kuwa danna wanda ya fi kusa da yatsana. Kafin a ce kwabo injin ya tofar da Kawu ta baya, ya sauka zaune cikin kwandon kuɓewar matarsa, Gwaggo Kulu. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce da ma gwaji yake.

Da ya iya, ya yi ta zuba gudu har zufa ta jiƙa shaddar liman. Ya sauko ya dubi bango, ya dubi ƙofa, ya dube ni.

"Ina muka iso?"

"Ɗakinka, Kawu."

"Duk wanga gudu?" Ya zagaya injin yana girgiza kai. "Keken ɗinkina in na taka shi riga yake ba ni, kuma bai shan mai. Wanga ya sha hetur, ya sha zuhwata. Mi yaɗ ɗinka?"

Amma an haɗa shi da Allah, ya cika alkawari. Kullum da asuba yana ɗaki a kan inji, fuska a murtuke. Sabo kuma bai sake shi ba, yana cikin gudu sai ya ɓarke: "Lahiya lau! Ba kowa!" Gwaggo Kulu na dama kunu a ƙofa ta ce, "Malam, ba kowa? To ni akuya ce?"

Mun yi dariya, amma ni na ga abin da ke faruwa. Kawu ya fara ramewa. Ya daina tsokanata, wanda a wurinsa wannan ciwo ne babba. Gari ma ya canza. Rana ta fito ta yi tsawo, masu albasa ba su tafi fadama ba, kowa na jiran wani ya fara. Mata ba su tura yara ɗiban ruwa. Ashe ba mu sani ba, da muryar nan muke buɗe ƙofa. In Sahabi ya kai gada ya dawo yana cewa ba kowa, to ba kowa ɗin.

Wata safiya sai ga mai unguwa da kansa a zauren Kawu, da ladan, da mai shayi, Inna Abu na biye da su. Mai unguwa ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar inji har sau ba adadi. Inna Abu ce ta gaji.

"Malam Sahabi," ta ce, "ni ce na tada maka gari, ni ce kuma na zo roƙo. Tun da na baro gida, in gari ya waye zuciyata ba ta sauka sai na ji ka wuce. Yanzu jikata kan tambaye ni, Inna, yau akwai kowa? Ban san abin da zan ce mata ba."

Kawu ya ajiye allurar da ke hannunsa. Sannan ya miƙo mini waya.

"Kira min Murtala. Yau layi na da kyau."

Inna Abu ce ta yi magana da shi, ba mu ba. Murtala ya janye alkawarin bisa sharaɗi: sai gari ya ɗan yi haske, kada a wuce gada, kuma ni in riƙa binsa da babur. Kawu ya amince, shi ma da nasa sharaɗin: in zauna nesa a baya, kada a ce jan shi ake yi.

Washegari da muryar nan ta tashi, wallahi har guɗa aka yi. Ƙofofi na buɗewa muna wucewa. Ina bayansa a kan babur haƙorana na kaɗawa, amma ƙirjina ya fi tumbina girma. Injin Abuja kuwa ya samu aikin da ya dace da shi: Gwaggo Kulu na shanya daddawa a kansa, ta ce ba ta taɓa samun tabarma mai kyau haka ba.

Bai rasu a hanya ba, kamar yadda ake ta tsoro. A kan gadonsa ya cika, da bazara, bayan ya kammala ɗarinsa tsaf. Ko da ciwo ya taso masa cikin ɗari sai da ya yi mana gardama, ya ce ba zai tafi ya bar sanyi da rabi ba.

Da ɗarin bana ya shigo, na farka na kasa kunne, shiru. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Sai can na ji tif-tif-tif, ba na mutum ɗaya ba. Mai shayi ne da wasu masu albasa, suna haki kamar za su mutu, suna ihu: "Lahiya lau! Ba kowa!" Ni ma yanzu kullum ina cikinsu. A kan babur dai, kada ku ce na yi muku ƙarya.

Allah ya jiƙan Kawu Sahabi, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya riƙa kwantar mana da hankali kowace safiya, Allah ya sa mala'iku su tarye shi da cewa lafiya lau, ba tsoro. Mu kuma Allah ya maido mana da zamanin da dattijo zai wuce a guje, ba wanda zai tambaye shi wa ya koro shi. Amin.