Ranar da Yaya Ta Ƙi Zama a Benci

Duk wanda ya san ni a Old Trafford, unguwarmu a Manchester, ya san ina da garina na bakin teku. Ba can aka haife ni ba, ko ɗaki ba ni da shi a ciki, amma in aka zo maganar wurin shan iska ni ake tambaya, ni kuma bakina bai iya cewa ban sani ba. Ɗan ƙaramin gari ne a gaɓar Wales, babban titi ɗaya, sai jerin gidaje masu fenti kala-kala da suke fuskantar ruwa. Na fara zuwa ne a motar da cibiyar unguwarmu take ɗauka duk bazara ta kwashi mata da yara. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo aka rufe cibiyar, aka kuma rage mini kwanakin aiki a laburare, sai na ci gaba da zuwa abina a jirgin ƙasa.

A shekarar da nake ba da labarinta, Yayata ce ta sa na koma can da wata manufa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta ba ni shekara tara, tana zaune a Balsall Heath cikin Birmingham. Mijinta akanta ne, mutum marar hayaniya, ya rasu a tsakiyar hunturu. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, aka yi addu'a, aka raba waina, aka ce ta fita. A baki ne kawai ta fita. Wata biyu bayan nan ƙafarta ba ta taka ƙofar gida ba. Labule a sake, 'ya'yanta su kawo cefane su ajiye, GP, wato likitan unguwa, ya ba ta magani ya sa sunanta a layin masu jiran ganin ƙwararre. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta ko ambaton mamacin. Wannan fa matar da in ta shiga kicin ɗin biki kowa sai ya gyara tsayuwa. Na ji tsoro ƙwarai. Uwa da uba duk ta waya aka sanar da ni rasuwarsu, kuma ban shirya rasa Yaya alhali tana zaune a falo tana numfashi ba.

Ban roƙe ta ba, don na san roƙo ba ya cin ta. Har gida na same ta, na shirga mata ƙarya. Na ce kwanan nan jiri yake ɗibata, an hana ni doguwar tafiya ni kaɗai, ga shi na riga na yi niyyar zuwa teku. Yaya ba za ta fita don kanta ba, amma ba za ta yarda a ce ƙanwarta ta yanke jiki ta faɗi a tasha babu kowa nata ba. Ta harare ni, ta ce tun ina ƙarama ni ba na jin magana. Washegari da safe ta ɗauko mayafinta.

Da muka sauka na shiga aikina na jagora, kuma na iya shi. Na kai ta doguwar gadar katako da ta kutsa cikin ruwa, inda mutane suke zura zare su kamo ƙaguwa su tara a bokiti, in sun gaji su mayar da su duka. Na nuna mata hasumiyar fitila da take yi wa jiragen ruwa jagora, da kufan wani ginin dutse a kan tudu, da jirgin ceto da mutanen garin suke fita da shi ba don albashi ba. Na yi mata bayanin yadda ruwan yake janyewa da safe ya bar yashi fetal, ya dawo da yamma kamar wanda ya yi mantuwa. Na sayo mana kifi da dankali, na gargaɗe ta da fararen tsuntsayen teku, don ɓarayi ne na ƙin ƙarawa. Duk abin da na nuna sai ta ce to. Har tekun kansa, da na zaci zai girgiza ta, kallo ɗaya ta yi masa ta ce Allah mai iko, ta mayar da idonta ƙasa.

Muka bi hanyar da ta miƙe a gefen ruwa. Yaya tana fama da gwiwa, na ga ta fara ɗingishi, sai na ce mu zauna, ga bencuna nan jere har ƙarshen hanya. Ta matsa kusa da na farko, ta tsaya, ta ja da baya. Ta duba na biyu. Sai na ga ta gyara mayafi ta rage murya, leɓɓanta suna motsi.

"Ke kina da hankali kuwa? A kan kabari za ki zaunar da ni?"

Kowane benci da ɗan allon tagulla a jikinsa, da sunan mutum, da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Wasu har da furanni a ɗaure. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce Yaya benci ne, benci kawai, shekara nawa ina zama a kansu. Ta ce ai shi ya sa, ni dama ba na duba inda nake ajiye jikina. Ta ce mutanen da suke ƙona gawarsu su zuba toka a kwalba, wa ya san abin da suka binne a ƙarƙashi? Nan dariyata ta ragu, don gaskiya ban taɓa tambaya ba. Amma ban nuna mata ba. Na zauna daram na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ita kuwa ta tsaya a kaina, kifinta yana hucewa a hannu, gwiwa tana ci mata tuwo a ƙwarya. Raina ya ɓaci. Na taso da mace tun daga Birmingham don ta sake, ga ta nan ta mayar mini da wurin shaƙatawa maƙabarta.

Muna cikin haka wata tsohuwar Baturiya ta iso da tsumma da 'yar kwalba a jaka. Ta gaishe mu, ta sunkuya ta fara goge allon bencin da nake kai. Na zabura zan tashi, ta ce in zauna, ta kuma yafito Yaya. Yaya ce da kanta ta tambaye ta, da Turancinta na a hankali, ko a nan mai sunan yake kwance. Tsohuwar ta ce a'a, yana can harabar coci a kan tudu. Mijinta ne. Kullum da safe yakan bi hanyar nan, har ƙafafunsa suka fara gazawa, ya riƙa neman wurin hutawa yana rasawa. Ta ce yanzu hukuma ba ta da halin sa bencuna, iyalai ne suke bayarwa da sunan nasu da suka rasu. Yaya ta tambaya su wa aka yarda su zauna. Ta ce kowa, kuma ranar da ta zo ta tarar da baƙo a kai ta fi jin daɗi.

Yaya ta zauna a hankali, ta shafa katakon da tafin hannu.

"Ashe randa ce," in ji ta. "Irin wadda Baba ya kafa a ƙofar gida bayan rasuwar Kaka, duk mai wucewa ya sha."

Tsohuwar ta gama gugarta ta yi mana sallama. Can Yaya ta fara magana, idonta a kan ruwa. Ta ce akwai wani ɗan lambun shaƙatawa kusa da gidansu, can marigayi yake zagayawa bayan la'asar. A shekararsa ta ƙarshe takan hango shi ta taga ya jingina da shingen ƙarfe yana mayar da numfashi, in ya shigo kuma ya ce mata tsuntsaye ya tsaya kallo. Tun rasuwarsa ban ji ta haɗa jimla biyu a kansa ba sai ranar.

"Hukumar garinmu za su yarda a sa irin wannan?"

"Yaya, a ƙasar nan komai form ne. In kin cika, za su duba."

Na ciro biro da takarda daga jaka, na ce mu tsara abin da za a rubuta a allon. Ta ce in rubuta Baban yara. Na ce Yaya, Bature bai san Baban yara ba, suna ake sawa. Na san sunan sarai, da na ga dama da na rubuta shiru. Amma Yaya irin matan da ne, ba ta faɗin sunan miji. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin sa a bakinta ba, ko a asibiti sai ta tura ɗanta ya faɗa. Na riƙe biron a sama ina kallonta, na ƙi rubutawa.

Ta harare ni. Ta kalli teku. Sannan ta faɗe shi, cikakke, har da na mahaifinsa, da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta sake faɗa. A na biyun ne muryar ta karye, kukan da ta riƙe wata shida ya ƙwace mata. Ban ce ta yi haƙuri ba. An gaya mata haka ya fi a ƙirga. Na riƙe hannunta kawai, mutane suna wucewa da karnukansu, ba wanda ya tsaya kallonmu.

Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jakarta. Ta tambaya ko ofishin yana buɗewa ran Litinin. Na ce yana buɗewa, kuma zan kwana biyu in raka ta.

"Ki koma Manchester ga aikinki," ta ce. "Na san inda ake hawa bas."