Gangar Kawu Manzo a Filin Besbol

Ku da kuka san Kawu Manzo kun san ba a gaishe shi a samu amsa irin ta mutane. Ka ce, "Kawu, ina gajiya?" sai ya gyara hular nan mai baki da yake ɗorawa a kan babbar riga, ya ce, "Gajiya tana wajen mai jifarmu, kafaɗa ta motsa mishi." Ka ce yaya iyali, ya ce, "Lahiya lau, amma masu tsaron bayan fili sai addu'a." Iyalin da yake nufi ƙungiyar besbol ce ta bayan garin Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa, wasan nan da wani ke jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga a guje. Mu 'yan Damagaram da ke unguwar Minguettes ko sunan wasan ba mu iya faɗa daidai ba, shi kuwa rabin rayuwarsa ya ba shi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na sauka da na zo Lyon, saboda haka na sha labarin har na haddace. Wata Lahadi yana dawowa daga aikin sito, ya leƙa ta shingen wani filin wasa, ya ga mutum ɗaya ya fuskanci mutum ɗaya, jama'a sun yi tsit. "Na ce wannan ai kokowa ce, Sani! Kokowa babu makaɗi? Ina aka taɓa yi?" Da ma makaɗin 'yan kokowa ne a ƙuruciyarsa. Lahadi ta zagayo ya hau jirgin tiram na cikin gari da ganga rataye a kafaɗa.

Tun daga ranar babu ɗan wasan da zai ɗauki kulki Kawu bai yi masa kirari ba. Kofin gasar ma bai taɓa ce masa kofi ba, takobi yake cewa, irin wanda ake ba sarkin kokowa a gida. Kuma ya rantse a gaban matarsa, Hajiya Mariyama, ba zai koma Damagaram ba sai yaransa sun ɗauki takobin. Gida an gina, an yi fenti, fansho ya zo. Hajiya ta haɗa akwatinta ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Duk ƙarshen kaka ta dube shi, shi kuma ya dubi silin ya ce, "Baɗi."

In ya zauna tuna kakannin da suka wuce, ba ya kiran shekara. Sai dai "kakar da ruwa ya ci fili", "kakar da muka doke 'yan Paris har kocinsu ya jefar da hula", da kuma wadda ya fi so, "kakar da muka faɗa rukunin ƙasa". Wallahi wannan ce ya fi so! A wannan kakar 'yan kallo suka watse, manyan 'yan wasa suka bi ƙungiyoyin da suka fi tsoka, benci ya rage daga Kawu sai wata tsohuwa da karenta. Ana lallasa su, shi yana kiɗa kamar ranar salla. Wani alƙalin wasa ya gaji ya zo ya ce a ajiye ganga. Kawu ya ajiye ta da ladabi, ya miƙe, ya ci gaba da kiɗan da bakinsa yana dukan tumbi. Alƙali ya sake dawowa.

"Mushe," in ji Kawu, wato yallaɓai da Faransanci, "ganga ka hana. Cikin nan nawa ne, da shi na zo Faransa."

Dattawanmu na unguwar Château Rouge sun taɓa yi masa taron dangi a wani bikin suna a Paris. Alhaji Issa mai atamfa, babban amininsa, ya ce, "Manzo, ka ji tsoron Allah, baiwar Allahn nan matarka ta gaji da sanyi. Wai mi ake ci a wasan nan?" Kawu ya share tire, ya jera kofunan shayi a kusurwa huɗu, ya ɗauki goro ya zagaya da shi kofi bayan kofi har ya dawo na farko.

"Au, duk gudun nan inda ya fito yake komawa?" in ji Alhaji Issa.

"Nan ne cin."

"To kai mi ya hana ka?"

Kawu ya ɗora goron a gefen kofi na uku. "Ga ni nan tsaye, Alhaji. Wanda ke nan ba ya rugawa don ransa ya so, sai ɗan'uwansa ya buga." Alhaji Issa ya ɗauke goron ya jefa a baki, ya ce shi dai ya yi iya nasa.

Sai ga kakar bara. An kawo wani mai jifa daga Benezuwela, Kawu ya raɗa masa Bahago. Ni da ake ja na fili da ƙyar, na tsaya baki buɗe: ƙwallo ta bar hannun yaron nan, kafin ka ƙifta ta lanƙwasa ta faɗa safar mai cafewa. Ba ya jin Hausa ko ta sannu, amma ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji Kawu ya ce, "Sai kai Bahago, mai jifar da kulki ke jin kunya!" Suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe, a wani fili a bayan Paris.

Lokacin ciwon zuciya ya kwantar da Kawu. Likita ya ce ko bene kada ya hau. Ya ce to, ai jirgin ƙasa ba bene ba ne. Ni na riƙe masa ganga har Paris, Hajiya tana biye da mu da ledar magunguna, karo na farko da ta taka filin wasa.

Aka cinye mu a zagayen ƙarshe. Manyan maza suka zube a ciyawa suna kuka. Sai tsohon nan da numfashi ke gagara ya miƙe ya karɓi gangarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kirari, har suka tashi suka jeru a gabansa. 'Yan Paris da suka ci takobin suka bar murna suka juyo suna tafi. Ban taɓa ganin abin da ya sa tsikar jikina ta tashi irin wannan ba. A jirgi ya dubi Hajiya ya buɗe baki, ta riga shi: "Na sani. Baɗi."

Bai kai baɗin ba. Da sanyi ya shigo Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka yi masa salla za a wuce da shi filin jirgi a kai shi Damagaram, muka fito daga masallaci muka tarar da 'yan wasansa a bakin titi cikin rigunan wasa, na yanzu da waɗanda suka yi furfura tun kakar rukunin ƙasa. Suka yi sahu biyu, suka ɗaga kulake sama, muka bi ta ƙarƙashi da makara. Bahago ya buɗe murya da karyayyar Hausarsa: "Sai kai Manzo! Sai kai!" Hajiya tana tsaye riƙe da akwatin nan nata, hawaye na zuba, ta ce mini, "Sani, ashe da gaske iyali gare shi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kai, ya ba Hajiya ladan jira. Ya sa ƙasar Damagaram da ya daɗe yana ce wa baɗi ta yi masa sanyi.