Abdulghani Mai Ɗaura Karafan

Abdulghani ɗan Ubale bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Iyayensa sun baro wani ƙauye na gabashin Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka yi shekara shida a hanya, suna tsayawa tsinkar auduga a Sudan in guzuri ya ƙare. Wata huɗu da hayewarsu teku aka haife shi a Jidda. Ubale ya yi ga-ruwa da garwa biyu har kafaɗarsa ta yi kanta, ya rasu bai taɓa riƙe takardar zama ba. Ɗan ya tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a bakin ƙofa. Abin da zan faɗa game da shi daga bakin 'yarsa Bashira na ji yawancinsa, saura kuma daga tsofaffin unguwar Kurayyat ta Jidda da suka san shi.

Sana'arsa ta fara ne a wata maƙera kusa da Bab Makka, cikin shekarun 1950, inda ake gyaran amalanken ruwa da jakuna ke ja. Nan ya fara gane sha'anin nauyi. In gangar ruwan ta matsa gaba, sai ta danne bayan jaki har ya gurfana. In ta ja baya, sai ta ɗaga shi ƙafafunsa na neman ƙasa. Masu amalanke su yi ta dukan dabba, shi kuwa sai ya kwance ganga ya matsar da ita taki ɗaya, jaki ya miƙe ya tafi.

Da motoci suka kori jakuna, ya koyi walda. Ya shiga warsha, wato garejin wani Balarabe ɗan ƙasa mai suna Hamad, wanda ya zama kafilinsa mai tsaya masa a gaban hukuma, ya yanko masa iƙama, takardar zama. A jikin iƙamar an rubuta cewa aikinsa shara ne, don ita ce mai sauƙin samu a lokacin. Abdulghani bai damu ba. Ya auri Mastura, 'yar wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa da ake kira Turai, suka kama ɗaki biyu a Kurayyat, aka haifi Bashira da ƙannenta uku. Mutum ne mara yawan magana, mai jinkirin aiki har ya ba mai jira haushi. Yakan yi walda da guntun baƙin gilashi a hannu maimakon abin rufe fuska, wai ya fi ganin ɗinkin da kyau.

Da aka shiga shekarun 1970 kuɗin mai ya cika gari, kamfanonin hanya suka yi ta shigo da karafan, wato ɗaki mai taya da ake ja da mota, injiniyoyi su kwana a ciki a cikin sahara. Direbobi suka riƙa maƙala su a ƙwallon ƙarfe ɗaya a bayan mota kamar yadda ake maƙala kowace tirela. Sai gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, tayoyin gaba su rage kama kwalta, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. An kawo wa Hamad wata irin mahaɗa daga waje a cikin akwatin katako, mai sanduna biyu na ƙarfen sifirin da sarƙoƙi, ba wanda ya iya karanta takardarta. Abdulghani ya baje ta a ƙasa ya yi kwana uku yana kallo. A rana ta huɗu ya ɗaura ta, ya ja sarƙoƙin, sandunan suka ɗauki nauyin hancin karafan suka raba shi, wani ya koma tayoyin gaba na motar, wani ya koma tayoyin karafan. Motar ta miƙe sak. Ya ce wa Hamad ai wannan gangar jaki ce, Turawa suka yi mata ado.

Daga nan ya zama shi ne mai wannan aiki a kudancin Jidda. Yana da tsarinsa da ba ya tsallakewa. Sai an kai mota da karafan kan daɓen da ya tabbatar ba shi da gangare. Ya aro sikelin buhu daga wani mai hatsi, ya ɗora hancin karafan a kai ya ga nauyinsa, domin sandunan iri-iri ne, kowace da lambar abin da za ta iya ɗauka a bugen jikinta. Ya auna tsayin gaban motar daga ƙasa da zare, ya shata da alli, kafin a ɗaura da bayan an ɗaura. Ya ƙirga idon sarƙa na dama da na hagu su zo daidai. Sannan ya shiga gefen direba su yi hanyar Makka su dawo, yana sauraro da jikinsa. Kafin a rabu yakan gargaɗi kowa cewa kaya mai nauyi a tsakiyar karafan ake sa shi, bisa tayoyi, ba a can ƙarshen baya ba. Shekara biyar yana haka, babu wadda ya ɗaura ta kife.

Mastura tana da ƙane ɗaya, Husaini, auta a wurin Turai, wanda ya daɗe yana yawo ba aiki tsayayye. Abdulghani ne ya koya masa jan tirela, shi ne kuma ya yi masa magana har wani kamfanin hanya ya ɗauke shi direba a shekarar 1976. Mako uku da kama aikin, ana saura 'yan kwanaki azumi, Husaini ya shigo warsha da safe yana jaye da wata karafan da ba a taɓa kawo mai girmanta ba. Za a kai ta sansanin kamfanin a hanyar Lis, kudu da Jidda, kuma washegari ake son ta tashi.

Abdulghani ya ɗora hancinta a sikeli, ya duba lambar sandunan da ke warsha, ya ga nauyin ya fi ƙarfinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Manyan sandunan da suka dace da ita an yi odarsu tuntuni, amma suna cikin jirgi, jiragen kuwa a shekarar nan sukan yi wata uku a layi a bakin tasha ba a sauke su ba. Ya gaya wa wakilin kamfanin, wanda ya biyo Husaini, cewa ba zai ɗaura ba. Wakilin ya ce a nemi mai warsha. Hamad ya fito ya saurari kowa, ya ja Abdulghani gefe ya tuna masa cewa rabin aikin warshar daga kamfanin nan yake zuwa. Abdulghani ya ce ko da haka. Hamad ya ce halas, magana ta ƙare, ƙarfe ne ba tsinke ba, a ɗaura, ya shiga motarsa ya tafi.

Har aka yi azahar bai taɓa sandunan ba. Ya kama wani aiki daban, wakilin yana zaune a inuwa yana duba agogo. Da suka fito daga masallaci Husaini ya biyo shi. Ya ce wakilin ya gaya masa in karafan ba ta tashi gobe ba, za a ba wata warsha aikin, a kuma ba wani direba motar, tunda shi ne ya kawo su wurin mijin yayarsa.

“Yaya, ka ɗaura mini,” in ji Husaini. “A wata warshar ma waɗannan sandunan za su sa, kuma ba za su auna ba. Gara hannunka. Zan tafi a hankali.”

Abdulghani ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya san gaskiya ne, babu manyan sanduna a garin. Ya ce, “Kada ka wuce hamsin. Kada ka bari su sa komai a bayanta, ko da bokiti ne.”

Ya ɗaura. Da ya ja sarƙa zuwa inda ya saba, gaban motar bai sauko kan shatar alli ba. Ya ƙara ido ɗaya, bai sauko ba. Ya ƙara na biyu, sandunan suka lanƙwashe kamar baka, motar ta daidaita a ido. Bai taɓa yin haka ba. Suka yi hanyar Makka suka dawo ba abin da ya motsa, amma karafan ɗin fanko ce, kuma ranar babu iska. Da yamma ya koma gida ya ci abinci kaɗan. Mastura ta tambaye shi ko lafiya, ya ce zafi ne.

Washegari da hantsi, bayan an wuce mararrabar Shu'aiba, wata babbar motar siminti ta gifta Husaini da gudu. Karafan ta fara lilo, dama, hagu, kowane lilo ya fi na baya. Sandar hagu ta karye, karafan ta juya ta tafi da motar cikin rairayi. Husaini ya cika kafin a kai shi asibiti. Wani lebura ɗan Yaman da ke zaune gefensa ya rayu da karyayyen baya. Shi ne ya gaya wa masu jinya cewa da asuba, a harabar kamfanin, an loda janareta da duro huɗu na ruwa ta ƙofar baya ta karafan, Husaini ya yi magana aka ce masa aikinsa tuƙi ne. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Kafin a zauna shari'a an mayar da leburan ƙasarsu.

Abin da aka ɗauko daga wurin shi ne karyayyiyar sandar, da lambarta a jiki. 'Yan sanda suka zo warsha da rana tsaka. Hamad ya ce shi bai san an ɗaura ba, ya bar warsha tun safe, kuma mutumin nan ma in an duba takardarsa mai shara ne. Aka duba, aka ga haka ne. Aka tambayi Abdulghani ko ya san sandunan sun yi ƙanƙanta, ya ce ya sani. Aka tambaye shi wa ya ɗaura, ya ce shi ne. Bai ambaci roƙon da Husaini ya yi masa ba, a ranar ko bayanta. Bashira ta ce sai bayan shekara biyu mahaifiyarta ta ji wannan, daga bakin wani da ya fito masallaci tare da su.

Ya yi wata goma sha huɗu a tsare. Mastura ta koma wankau a gidajen Larabawa, tana makokin ƙanenta tana kuma kai wa mijinta abinci ranar ziyara. Ba za a sake shi ba sai mai haƙƙin jini ta sa hannu ta yafe, mai haƙƙin kuwa Turai ce. Dattawan unguwa suka je mata sau uku tana rufe ƙofa. A na huɗun ta ce a kai ta. Ta dangwala yatsa a takarda a gaban alƙali, aka fito da Abdulghani ya durƙusa zai gaishe ta.

“Tashi,” in ji ta. “Na yafe don yaran nan su ci abinci. Kai ka auna, ka gani, ka ɗaura wa ɗana. Kada ka ƙara taka ƙofata.”

Bai ƙara takawa ba. Tsakanin gidansa da nata bai fi tafiyar minti biyar ba, yakan zagaya ta wani lungu mai nisa don kada su haɗu.

Lokacin da ya fito, Hamad ya riga ya kwashe warsha zuwa Madinar Masana'antu, ya ɗauko ma'aikata daga wasu ƙasashe. Ya yarda ya ci gaba da sabunta masa iƙama, amma bai mayar da shi aiki ba, kuma babu warshar da za ta ɗauki mutumin da aka san labarinsa. Ko da an ɗauke shi ma, idanunsa sun riga sun tafi. Shekara ashirin na hasken walda da duhun ɗakin tsaro sun taru a kansu, ya koma ba ya ganin komai sai inuwa. Ya shimfiɗa buhu a gefen kasuwar gwanjo yana sayar da tsofaffin notuna da kusoshi da 'ya'yansa ke tsinto masa, yana gane lambar kowane noti da yatsa.

Direbobin da suka san shi a da sukan tsaya wani lokaci su gaishe shi. Wasu su ce masa ruwan da aka loda a baya ne ya kashe Husaini, ko da manyan sanduna da sai ta yi lilo. Wasu kuma, in ya juya baya, su ce sarƙar da ya matse ce ta ɗage gindin motar har tayoyin baya suka rasa kamu. Shi kansa bai sani ba. Bashira ta ce yakan zauna a tsakar gida yana lissafin nauyi a bakinsa, duro huɗu, janareta, nisansu daga taya, ya kai ƙarshe ya sake farawa. Wata rana ya ce da Mastura da ya san wanne ne, da ya san abin da zai roƙi Allah ya gafarta masa. Ta ce ya roƙa duka. Zamansu ya ci gaba, tana dafa masa tana wanke masa, amma sunan Husaini ba a ƙara furta shi a gidan ba.

Ya kwanta ciwon ƙirji a ƙarshen 1979, kwana tara, ya rasu yana da shekara arba'in da biyar ko kusa da haka. Mutanen da suka bi gawarsa ba su kai ashirin ba. Turai ba ta zo zaman makoki ba, amma a rana ta uku ta aiko da tukunyar shinkafa, ba saƙo. Bayan wata biyu iƙamar iyalin, wadda ke rataye da tasa, ta mutu, Mastura ta shiga neman sabon kafili da yara huɗu.